Metil da Fosfat: Yadda Bakteriya Ke Tuna Inda Ta Fito

Gabatarwa

Bakteriyar nan da ake kira Escherichia coli, ko E. coli a taƙaice, mazauniyar hanjin mutum ce da na dabbobi. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayyana ta a shekarar 1885. Tsawonta kamar maikiromita 2 ne, watau sai an jera guda 500, kan wannan a gindin waccan, kafin su cika milimita ɗaya. Ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ba ta da ido, ba ta da hanci, ba ta da ko jijiya ɗaya, balle a yi zancen ƙwaƙwalwa. Amma idan aka zuba irinta a ruwan da abinci ya fi yawa a gefe guda, kafin wani lokaci sai a tarar sun yi cincirindo a wannan gefen. In kuwa abin da ke wurin mai cutarwa ne, sai su watse su bar shi. Wannan ɗabi'a ita masana ke kira kemotaksis, ma'ana tafiyar da sinadari ke yi wa jagora.

Inda wuyar take shi ne, kafin matafiyi ya san ko yana kusantar abinci ko yana nisantarsa, dole ya kwatanta abin da yake ji yanzu da abin da ya ji ɗazu. Wanda ba ya tuna ɗazu ba shi da abin kwatantawa. To, a ina halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa take ajiye abin da ya wuce? Amsar da bincike ya bayar tun daga shekarun 1970 ita ce, tana ajiye shi a jikin wasu furotin nata. Takan liƙa masu wani ɗan guntun sinadari da ake kira metil, ta kuma ɓamɓare shi idan hali ya canza. Wannan liƙawa da ɓamɓarewa, tare da wata makamanciyarta da ake yi da fosfat, su ne batun wannan takarda.

Gudu da alkafura

Tun ƙarni na 19 aka san bakteriya na bin sinadari. A 1881 Theodor Engelmann, a birnin Utrecht na ƙasar Holand, ya ga suna taruwa inda iskar oksijin ta fi yawa. A cikin shekarun nan na 1880 kuma Wilhelm Pfeffer, a Tübingen ta Jamus, ya riƙa cika siraran bututun gilashi da romon nama, yana tsoma bakinsu a ruwan da ke da bakteriya, yana ganin sun ɗunguma sun shige ciki. Daga nan maganar ta yi sanyi na tsawon shekaru. Julius Adler na Jami'ar Wiskonsin a Amurka shi ya tashe ta a shekarun 1960. A 1969 ya nuna cewa E. coli tana bin wasu sinadarai da ba ta iya ci, tana kuma yin biris da wasu da take ci. Ke nan sinadarin kansa take ganewa tun kafin ya shiga cikinta, kuma lalle akwai wasu furotin a jikinta da ke wannan aiki. A nan za a kira irin wannan furotin mashinshini, jam'i mashinshina, daga aikatau shinshina, tun da aikinsa ya yi kama da na hanci.

E. coli tana iyo ne da wasu siraran zaruruwa masu murɗe-murɗe da ake kira bulali. A gindin kowace bulala akwai ɗan inji da ke juya ta kamar farfela, wajen sau 100 a sakan ɗaya. Michael Silverman da Melvin Simon suka tabbatar da wannan juyi a 1974: sun manna bulala ɗaya a jikin gilashi, sai gangar jikin bakteriyar ta kama juyawa a kanta. Injin yana iya juyawa ta kowane ɓangare. Idan ya saɓa wa tafiyar hannun agogo, bulalin kan haɗu su zama igiya ɗaya, su tura bakteriyar gaba a miƙe. Wannan shi ne gudu. Idan ya bi hannun agogo, igiyar kan warware, bakteriyar ta wuntsila a wuri ɗaya, ta tashi tana fuskantar wata nahiya dabam da ba ita ta zaɓa ba. Wannan ita ce alkafura.

A 1972 Howard Berg da Douglas Brown suka auna wannan tafiya da wani madubin ƙara girma da Berg ya ƙera, mai bin bakteriya ɗaya duk inda ta nufa. Gudu ɗaya yakan ɗauki kamar sakan 1, alkafura kuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan. Abin da suka gano shi ne bakteriya ba ta da sitiyari. Ikonta ɗaya ne kawai, ta jinkirta alkafura. In gudun da take yi ya dace da inda abinci ke ƙaruwa, sai ta ƙara masa tsawo. In bai dace ba, ta yi alkafura a kan lokacinta, ta sake gwada sa'a. Da haka, a kwana a tashi, tafiyar da ta yi kama da ta makaho marar ɗan jagora take kai ta inda take so.

A wannan shekara dai, Robert Macnab da Daniel Koshland na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka yi gwajin da ya raba gardama, da ƴar'uwar E. coli da ake kira Salmonella. Sun gauraya bakteriyar farat ɗaya da ruwa mai yawan sinadarin serin, ta yadda ko'ina cikin ruwan daidai yake, babu gefen da ya fi wani. Duk da haka sai bakteriyar suka daina alkafura, suka miƙe da gudu, kamar masu hawa zuwa wurin abinci. Ashe lokaci biyu suke kwatantawa, yanzu da ɗazu. Abu na biyu da aka gani ya ma fi wannan muhimmanci. Bayan ƴan mintoci sai suka koma alkafurarsu kamar da, alhali serin ɗin yana nan bai ragu ba. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu daddawa ya san wannan hali: da shigarsa wari ya buge shi, bayan ɗan lokaci ya daina ji, sai fa in an buɗe wani sabon ƙwando. Sunan abin sabo, kuma kalmar ta dace da bakteriya sarai.

Yadda metiyonin ya tona asiri

Hanyar da ta kai ga metil ta faro ne daga wani abu da aka yi tuntuɓe da shi. Furotin sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Ɗaya daga cikinsu shi ne metiyonin. Irin E. coli da Adler ke aiki da ita ba ta iya haɗa nata metiyonin, sai an ba ta. A 1967 shi da Margaret Dahl suka ba da rahoton cewa idan aka hana ta metiyonin tana ci gaba da iyo, amma ba ta ƙara bin sinadari. Sauran amino asid ba su da wannan tasiri. Daga baya aka lura cewa bakteriyar da ke cikin yunwar metiyonin daina alkafura take yi gaba ɗaya.

Metiyonin yana da wani aiki banda gina furotin. Ƙwayar halitta tana haɗa shi da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a jikin kowane mai rai, ta samar da wani abu da ake taƙaita sunansa da SAM. Aikin SAM shi ne raba metil ga duk sinadarin da ke bukata. Shi metil ɗin ƙanƙane ne ainun: atom ɗaya na kabon da atom uku na haidirojin. A 1975 Kort, Goy, Larsen da Adler suka ciyar da bakteriya metiyonin da aka yi wa metil ɗinsa alama da tiritiyom, wani nau'in haidirojin da na'ura ke iya bin sawunsa. Sun kuma tsayar da ƙirar sabon furotin da magani, don kada metiyonin ya shiga sarƙa ta hanyar da ya saba. Sai alamar ta bayyana a jikin wani furotin da ke cikin tantanin da ya lulluɓe bakteriyar. Da aka zuba abin da take so, metil ya ƙaru a jikinsa. Da aka zuba abin da take ƙi, ya ragu. Suka raɗa masa suna MCP, taƙaitawar Ingilishi da ke nufin furotin na kemotaksis mai karɓar metil. Ba a daɗe ba aka gane cewa iri-iri ne, kuma su ne mashinshinan da ake nema.

Sauran bayani ya biyo baya cikin shekara huɗu. A 1977 ɗakunan bincike biyu, na Adler da na Koshland, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano cewa a kan amino asid gulutamet ake ɗora metil ɗin. A 1977 ɗin dai aka gano enzim mai ɗorawa, watau furotin da ke gudanar da aikin, wanda ake kira CheR. A 1978 Stock da Koshland suka gano mai saukewa, CheB. A 1979 aka nuna cewa metil ɗin da aka sauke yana fita ne a matsayin metanol. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne lokaci. Goy, Springer da Adler sun ga cewa tsawon lokacin da metil ke ɗauka yana taruwa daidai yake da tsawon lokacin da bakteriya ke ɗauka kafin ta saba. Da metil ya gama hawa, alkafura ta dawo. Daga nan aka fahimci cewa metil na aikin sabo ne, jin farko kuwa wani abu dabam ke isar da shi.

Siffar mashinshini

E. coli tana da mashinshina iri biyar. Tsr yana gane serin. Tar yana gane asfartet da sukarin maltos, kuma ta wurinsa ake jin ƙarafan nikel da kobalt, waɗanda bakteriyar ke gudu. Trg na sukarin ribos da galaktos ne, Tap na guntayen furotin, Aer kuwa yana lura da yanayin numfashin ƙwayar, ta haka take bin oksijin. Tsr da Tar su ne manya, sun fi sauran yawa nesa ba kusa ba.

Mashinshini kamar turke yake da aka kafa ya huda tantani. Kansa yana waje, nan sinadari ke sauka. Doguwar jelarsa tana cikin ƙwayar, kuma a ƙarshenta saƙo ke fita. Tsakanin tantani da ƙarshen jela akwai wani yanki da ke ɗauke da guraben metil. A jikin Tar gurabe huɗu ne, a amino asid na 295, da na 302, da na 309, da na 491. Gulutamet yana ɗauke da cajin lantarki irin na negatif, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi, don haka yankin yakan yi sako-sako idan guraben babu kowa. Metil yana rufe cajin. Duk metil ɗaya da aka ɗora, yankin ya ƙara tsukewa, mashinshini ya ƙara karkata zuwa ga ba da umarnin alkafura.

Akwai wata ƴar dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Lokacin da ƙwaya ta ƙera sabon Tar, biyu daga cikin guraben huɗu, na 295 da na 309, ba gulutamet ne a cikinsu ba, ɗan'uwansa ne gulutamin. Shi gulutamin ba shi da caji, saboda haka halinsa ɗaya da gulutamet da aka riga aka ɗora wa metil. Ma'ana sabon mashinshini yana fitowa ne a tsaka-tsaki, kamar mai metil biyu, ba zai rikita maƙwabtansa ba ranar da ya shigo cikinsu. Daga baya CheB, shi dai mai sauke metil, yakan gyara gulutamin ɗin ya mai da shi gulutamet. Wannan gyara sau ɗaya ake yinsa, ba ya komawa.

Maganar maƙwabta kuwa gaskiya ce. A 1993 Janine Maddock da Lucy Shapiro suka nuna cewa mashinshina ba a warwatse suke ba, a cunkushe suke dubbai a ƙarshen jikin bakteriyar. Hotunan da aka ɗauka daga baya da madubin lantarki sun nuna su a jere kamar saƙar zuma. Idan sinadari ya sauka a kan ɗaya, na kusa da shi ma sukan motsa, shi ya sa ɗan ƙaramin canji a waje yake zama babban saƙo a ciki. Tsr da Tar suna da wani ɗan ƙugiya na amino asid biyar a ƙarshen jikinsu, inda CheR ke ratayuwa ya yi aiki. Trg da Tap ba su da shi, sai dai su ci albarkacin na maƙwabci: CheR da ke rataye a jikin Tar yakan miƙa hannu ya ɗora masu nasu metil.

Fosfat, ɗan aike mai sauri

An shafe fiye da shekara goma bayan gano metil ba a san abin da ke kai saƙo daga mashinshini zuwa injin bulala ba. A 1988 ɗakin binciken Melvin Simon a Caltech da na Stock a Princeton suka nuna cewa fosfat ne. A ƙarshen jelar mashinshini akwai wani enzim, CheA, wanda wani ƙaramin furotin mai suna CheW ke ɗaure shi a wurin. CheA yakan ciro fosfat daga ATP, ya ɗora a kan kansa, a amino asid histidin na 48. Daga nan ya miƙa shi ga wani ɗan furotin mai yawo, CheY. Da CheY ya karɓi fosfat sai siffarsa ta canza, ya bi ruwan cikin ƙwaya har gindin bulala, ya kama wani sashen inji da ake kira FliM. Injin ya juya ya bi hannun agogo, alkafura ta auku. Wani furotin kuma, CheZ, aikinsa ƙwace fosfat daga CheY, kuma yana yi cikin ƙasa da sakan ɗaya. Saboda haka umarnin alkafura ba ya kwana. In CheA ya yi shiru, nan take CheY mai fosfat ya ƙare.

Abin da sinadarin abinci ke yi shi ne ya sa CheA shiru. Asfartet ya sauka a kan Tar, Tar ya danne CheA, fosfat ya ragu, bulali su ci gaba da tura bakteriya gaba. Daga saukar sinadari zuwa amsar inji kamar kashi biyu cikin goma na sakan ne. Abin ƙi kuwa akasin haka yake yi, zuga CheA yake.

Inda biyun suka haɗu

CheA ba CheY kaɗai yake ba fosfat ba. Yana ba CheB ma, kuma CheB ba ya aiki sosai sai da fosfat a jikinsa. A nan ne zaren biyu suka ƙullu.

Misali mafi kusa shi ne sikeli mai faranti biyu, irin na mahauta. A ɗauka sinadarin abinci shi ne naman da ake ɗorawa a faranti ɗaya, metil kuma duwatsun awo ne da ake ɗorawa a ɗayan. Allurar sikeli ita ce ƙarfin aikin CheA. Idan aka ƙara nama, allura ta karkata nan take, bakteriya ta miƙe da gudu. Karkatar allura tana jawo abu biyu. CheB ya rasa fosfat ya yi sanyi, saukewar duwatsu ta ragu. CheR kuwa, wanda dama ya fi son mashinshinin da ya yi shiru, ya ci gaba da ɗora duwatsu ɗaya bayan ɗaya. A hankali allura ta dawo tsakiya, alkafura ta dawo. Yanzu nama yana nan a faranti, amma sikeli ya daidaita, a shirye yake ya nuna ƙari na gaba. Wanda ya ƙirga duwatsun zai san nauyin naman da ke kai. Adadin metil da ke jikin mashinshina shi ne rubutaccen bayanin yawan abincin da ke wurin ɗazu.

Duk dabarar ta dogara ne a kan cewa mai ɗora duwatsu yana da nawa. Fosfat yana amsawa cikin ƙiftawar ido, metil yana biyo baya da jinkirin ƴan sakan. Ratar da ke tsakaninsu ita ce kwatancin. Muddin bakteriya tana shiga inda abinci ke ƙaruwa, nama yana gaba da duwatsu, allura tana karkace, gudu yana tsawo. Ƙidayar da Li da Hazelbauer suka yi a 2004 ta nuna ɗaya daga cikin dalilan nawar: a wani nau'in E. coli da aka saba bincike da shi, ƙwaya ɗaya tana da mashinshina wajen 15,000, amma CheR kamar 140 ne kacal, CheB kamar 240. Ma'aikaci ɗaya ke nan ga mashinshina fiye da ɗari. Wanda ya ga wannan adadi zai iya ɗauka gazawa ce. Da CheR yana da yawa har ya riƙa cim ma kowane canji nan take, da yanzu da ɗazu sun zama abu ɗaya, ba sauran abin kwatantawa.

A 1986 Segall, Block da Berg suka auna tsawon wannan tunawa. Bakteriya tana ɗaukar abin da ta ji a sakan 1 da ya wuce, ta debe abin da ta ji a sakan 3 da suka gabace shi, ta yi aiki da bambancin. Duka-duka sakan 4 ke nan. Waɗanda aka lalata wa ƙwayoyin gadon CheR da CheB gaba ɗaya suna jin sakan na farko kamar kowa, amma ba sa yin wannan kwatanci. In CheR kaɗai aka cire, bakteriya gudu take yi ba tsayawa. In CheB ne, metil ya yi mata yawa, ta yi ta alkafura a wuri ɗaya. Dukansu ba sa iya bin abinci.

Sakan 4 ya yi kama da ɗan kaɗan, amma ya isa. Halitta mai wannan ƙanƙanta ruwa ba ya barin ta ta miƙe: ƙwayoyin ruwa suna ta bugun ta ta ko'ina, ta yadda cikin kamar sakan 10 ta kauce daga inda ta dosa da wajen digiri 90. Abin da ta ji sakan 20 da suka wuce labarin wata hanya ce da ta riga ta bari. Riƙe shi ɓata ta zai yi. Mantuwar ma ba kyauta take zuwa ba, domin ɗorawa da saukewa ba sa tsayawa ko da babu abin da ya canza a waje, kuma kowane metil sai an kashe ATP kafin a samu SAM da zai ba da shi.

Komawa daidai wurin da aka tashi

Wani abin da ya daɗe yana ba masana mamaki shi ne, sabon E. coli da asfartet cikakke ne. Ko an ninka yawansa sau dubbai, bayan ta saba takan koma yawan alkafurar da take yi tun farko, ba kusa da shi kawai ba. Da wannan take iya bin sinadari tun daga inda yake ɗan tsiririt har inda ya ninka sau 100,000. A 1997 Naama Barkai da Stanislas Leibler suka kawo bayani mai sauƙi. Idan saurin ɗora metil da saurin sauke shi sun dogara ne kawai a kan ƙarfin aikin mashinshini, ba a kan yawan sinadarin waje ba, to akwai matsayi ɗaya tak na allura inda ɗorawa da saukewa suke yin kunnen doki. Duk inda allura take in ba nan ba, adadin metil zai ci gaba da canzawa har sai ta dawo. A 1999 Uri Alon da abokan aikinsa suka gwada wannan ta hanyar sauya yawan CheR ninki masu yawa. Lokacin sabo ya canza, yawan alkafura ya canza, amma komawa daidai wurin da aka tashi bai canza ba. A 2000 wasu masana a Caltech suka nuna cewa wannan tsari injiniyoyi sun daɗe da saninsa, irinsa ne suke sa wa na'urorin da ke riƙe zafin ɗaki ko gudun mota a matsayi ɗaya.

Sai dai kada a zarce da yabo. Guraben metil ƙidayayyu ne, kuma duwatsun mahauci suna ƙarewa. Da serin mai yawa, Tsr yakan kusa cika gurabensa, sai sabon ya kasa kammala, bakteriya ta zauna tana gudu mai tsawo fiye da na da. Tun a 1972 Berg da Brown suka lura da wannan bambanci tsakanin serin da asfartet. Haka kuma sabo ba daidai yake ta fuska biyu ba. In aka zuba abinci mai yawa farat ɗaya, ɗora metil yakan ɗauki mintoci. In aka janye shi, saukewa ta fi sauri ƙwarai, saboda CheA da ya zabura yana cika CheB da fosfat.

Ba kowace bakteriya ke bin tsarin E. coli ba

Shekaru da dama ana ɗaukar E. coli a matsayin ma'aunin kowa. Da aka karanta ƙwayoyin gadon bakteriya iri-iri sai aka ga tana cikin masu sauƙin tsari. Bacillus subtilis, mazauniyar ƙasa, tana da CheR da CheB, amma a wurinta abinci zuga CheA yake yi, kuma CheY mai fosfat gudu yake jawowa. Tana kuma da ƙarin hanyoyin sabo biyu banda metil, da wani enzim na dabam, CheD, mai mai da gulutamin gulutamet. Bakteriyar da ke zama a saiwar wake da gyaɗa da danginsu, masu ƙulla ƴan ƙululun nan da ke ƙara wa ƙasa taki, su ma da mashinshina irin waɗannan suke bin sinadaran da saiwa ke fitarwa.

A wajen masu haddasa cuta lamarin yana da ban sha'awa. Helicobacter pylori, wadda ke jawo gyambon ciki, ba ta da CheR, ba ta da CheB. Duk da haka tana bin sinadari, kuma waɗanda aka lalata wa kemotaksis ba sa iya kama ƙasan tumbin ɓera yadda ya kamata. Tana da wasu furotin uku na dangin CheV, irin wanda B. subtilis ke amfani da shi wajen sabo. Vibrio cholerae, mai kawo kwalara, ita kuwa tana da mashinshina sama da iri 40. A 2004 Susan Butler da Andrew Camilli na Jami'ar Tufts a Boston suka gwada ta a hanjin jariran ɓeraye. Waɗanda aka lalata wa kemotaksis ta yadda gudu kawai suke yi a miƙe sun fi lafiyayyun yaɗuwa, sun mamaye ƙaramin hanji tun daga sama har ƙasa, alhali lafiyayyun sun fi taruwa a ƙasansa. Waɗanda aka lalata ta ɗaya fuskar, masu yawan sauya hanya, su kuma sun kasa kama hanjin sosai.